Bakin Dokta Raki

Akwai wani ɗan wasan kwaikwayo da ya yi suna a wani shirin barkwanci na talabijin. A shirin, shi ne babban likitan asibiti, mai farar riga da tabarau a karan hanci, wanda bai taɓa yarda wani yana da ciwo ba. Ko ranga-ranga aka shigo da mutum, sai ya leƙo ta saman tabarau ya ce, "Raki ne!" Jama'a su yi ta dariya. Har sunansa na gaskiya ya ɓace, kowa Dokta Raki yake ce masa.

Matsalar gogan naku ita ce, yakan cire rigar a wurin aiki amma ya taho gida da bakin. Matarsa ta ce kanta na sarawa, raki ne. Mahaifiyarsa ta ce gwiwa ta hana ta tashi, raki ne. Alhali ko allura bai taɓa yi wa kowa ba.

Duk gidan babu mai son shirin kamar autarsa, 'yar shekara tara. Takan saka tabaransa ta kwaikwaye shi, shi kuma ya yi ta ƙyaƙyatawa yana cewa, "Kyan ɗa ya gaji ubansa!"

Wata Laraba da rana, ana tsakiyar ɗaukar shiri, matarsa ta kira shi tana kuka.

"Baban Auta, ka zo asibiti yanzu. Auta ta faɗi a aji, jikinta zafi kamar wuta."

Ya fita a guje, bai ma tuna farar rigar tana jikinsa ba.

Likitar da ta tare shi dattijuwa ce, kuma ko murmushi ba ta yi ba da ta gane shi.

"Wani ɗan reshe a hanjinta ne ya kumbura har ya fashe," in ji ta. "Sai an yi tiyata yanzu, kuma ba zan ɓoye maka ba, an makara sosai. Ciwon nan ya kai kwana uku."

"Kwana uku? Ai ba ta faɗa ba!"

"Na tambaye ta dalili. Ta ce 'yar Dokta ba ta raki."

Sai ya tuna shekaranjiya Auta ta ture abinci. Ya tuna jiya ya gan ta tana tafiya a duƙe, ta ce masa takalmi ne ya matse ta. Aka miƙo masa takardar amincewa da tiyata. Ya sa hannu a irinta ta ƙarya ya fi sau ɗari, amma ta yau ta gaske ce.

Aka tura Auta ɗakin tiyata, ƙofa ta rufe. A bangon ɗakin jira akwai talabijin, kuma shirinsa ake maimaitawa. Ya ji muryarsa tana cewa "Raki ne!", masu jira suka kwashe da dariya. Wani ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Dokta, yaya na ga kana gumi? Ko kai ma rakin ne?"

Ya cire rigar ya dunƙule ta ƙarƙashin benci. Duk nas ɗin da ta fito sai ya miƙe tsaye. Tsoro irin wannan bai taɓa jin sa ba. Matarsa tana gefe tana addu'a, ko kallonsa ba ta yi ba.

Sai bayan awa uku dattijuwar ta fito. "Allah Ya sa da sauran kwana. Da an ƙara 'yan awoyi, da wani zancen ake yi."

Da Auta ta farfaɗo, ya durƙusa a bakin gadon ya riƙe hannunta. Leɓenta ya bushe, muryarta da ƙyar take fita.

"Baba," ta ce, "ban yi raki ba, ko?"

Mutumin da ya shekara yana sa duniya dariya ya kifa kansa a katifa, ya fashe da kuka.

Darasi: Wanda ka saba yi wa dariya idan ya ce wayyo, wata rana zai yi shiru a lokacin da shirun zai iya kashe shi. In na kusa da kai ya ce yana jin ciwo, ka saurare shi kafin ka yi masa ba'a, musamman yara. Ku tura wa iyaye da 'yan uwa su karanta.