Kukar Gidan Inna Azumi

Akwai wani mutum a Jandutsi, kusa da Jega, ana ce masa Maccido mai irin albasa. Mijina ne. Bara ya rasu, Allah ya jiƙansa, kuma sai yanzu na iya ba da labarinsa ina dariya. Ban taɓa kiran sunan nan ba yana raye, Malam nake ce masa.

Malam ba ya shiga mota. Da ya ji warin fetur sai cikinsa ya juya. Duk kasuwar da zai ci, Jega ko Aliero ko Maiyama, a ƙafa yake zuwa da jakar iri a kafaɗa, ta turbar daji da burtalin shanu. A haka ya kamu da son kufai. In ya hango kukoki sun taru a daji babu gida kusa, ya san a da gari ne, sai ya ratse. Ya dawo mini da ɓallin tsohon kasko yana murna kamar ya tsinci zinariya.

Muna da maƙwabciya tsohuwa, Inna Azumi. Idonta ya tafi, ba ɗa ba jika, tuwonmu ne tuwonta. Zancenta ɗaya ne kullum, Birnin Shuni, garin da aka haife ta, mai ganuwa da ramukan marina. Tana ƙarama cutar agana ta watsa garin. A can aka binne mahaifiyarta, kawunta ya goyo ta zuwa Jandutsi. Ba ta san ta wace fuska garin yake ba, kuma babu wanda ya taɓa jin sunan. Mutane suka ce ruɗin tsufa ne.

Shekarar da aka ba mu jihar Kebbi, Inna ta kwanta ciwo ta tashi da ƙyar. Malam ya shiga gaishe ta, ina biye da kwanon kunu.

Ta ce, “Maccido, kowa na murna ya samu jiha, ni ko garinmu ban samu ba. So nikai in taka ƙasar da anka ruhe innata kahin in bi ta.”

Ya ce, “Inna, kufai da yawa cikin dajin ga. Ƙaƙa za mu gane naku, ke ko ba ki gani?”

“Bakina na gani. Kukar ƙohwar gidanmu ba ta da ta biyu. Kawo min ganye, matakka Iklima ta kaɗa min miya, ka ga aiki.”

Duk macen da ta daɗe a madafa ta san kuka ba ɗaya ba ce. Wata ganyenta ɗaci, wata bauri, wata sai ka rantse an zuba mata man shanu.

Tun daga ranar aikinmu ya ƙaru. Duk kufan da Malam ya ratsa, sai ya hau kukokinsa ya ɗebo ganye, kowace da ƙullinta. Ni in shanya a inuwa, in daka, in kaɗa miya a ƙaramar tukunya. Inna ta kai loma ɗaya ta yanke hukunci.

“Wagga ta jakkai ce.”

Wata rana kuma, “Wagga ta yi ƙoƙari, amma uwatta ba ta yi mata tarbiyya ba.”

Kaka ta wuce, wata kakar ta zo, ba a dace ba. Ran nan Malam ya dawo fuska a kumbure, ido ɗaya a rufe, ya hau kukar da ke da zuma. A zaure ya tarar da taubashinsa Ɗanasabe, mai a-kori-kurar da ke ɗaukar albasa zuwa Aliero. Ɗanasabe ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

“Sarkin hawan kuka, yau surukanka aljannu sun yi maka kwalliya?”

Malam ya ce, “Kai dai ji da akwalarka, wadda sai unguwa ta taru ta tura ta.”

Da dariya ta lafa, Ɗanasabe ya sassauta murya, amma ina jinsa ta bayan zana. Ya ce, “Taubashi, tsohuwar ga makauniya ce, kuma kwananta sun matso. Kai ta kowane kufai ka ce nan ne. Ta yi kukanta ta samu natsuwa, kai ka huta.”

Malam ya ce, “Ita ba ta gani, Allah na gani. Kuma in ta durƙusa tana kiran innarta, bisa kabarin wa za ni ce ta durƙusa?”

Ƙarshen daminar nan yana dawowa daga Maiyama ya tarar da rafi ya cika, dole ya zaga ta wani burtali da bai taɓa bi ba. Can cikin sabara ya ga ƙasa ta yi tozo, ta miƙe ta lanƙwasa. Ya bi ta, ashe ganuwa ce ta narke. A ciki kukoki ne manya, ya hau wadda ta fi tsufa.

Da ganyen ya bushe na kaɗa miya kamar kullum. Inna ta kai loma. Ta kai ta biyu. Sai ta ajiye hannu a cinya.

Ta ce, “Wa ya hau kukar gidanmu ba sallama?”

Malam ya matso har yana ture buta.

“Tana da kogo da yaro ka shiga tsaye?”

“Akwai shi, Inna.”

“Gabas da ita ramu ne jere, bakinsu baƙi ƙirin?”

“Na kusa hwaɗawa ɗaya.”

Inna ta yi guɗa da bakin nan nata mara haƙori. Ni ma na taya ta, miya na ƙonewa a murhu.

Washegari da safe sai ga Ɗanasabe da motarsa a ƙofar gida, ba wanda ya aika masa. Muka sa Inna a gaba, ni da matan unguwa a baya. Malam kuwa ya ƙi shiga. Yana tafe a ƙasa yana nuna hanya, mota na biye da shi a hankali kamar tunkiya, mutanen gonaki suna ta dariya. Da muka kai burtali mota ta kafe cikin yashi. Ɗanasabe ya tuɓe babbar riga ya durƙusa.

“Hau, Inna. Wagga motar ba ta son turi.”

A bayansa ta shiga garinsu, kamar yadda ta fita a goye.

Da aka sauke ta, ita ta zama jagora. Ta rungume kukar tana shafa ta. Ta sa muka leƙa ramukan marina, har yanzu cikinsu da sauran shuni kamar an shafe su jiya. Ta nuna inda masallaci yake, muka tone ciyawa sai ga tushen gini. Muka tsinci dutsen niƙa da ya lotsa a tsakiya, ta ce na kakarta ne, babu wanda ya yi musu. Daga nan ta sa aka kai ta bayan ganuwa, inda maƙabarta take. Ta zauna a ƙasa ta daɗe tana addu'a, mazan suka cire takalma suka taya ta.

Da za mu tashi ta ce, “Maccido, bayan kukar akwai rijiyar babana. Da za a watse an ruhe ta da dutse don kada dabba ta hwaɗa.”

Mazan suka sa fartanya. Ba su yi nisa ba ƙarfe ya yi ƙara. Da aka ɗaga dutsen, sanyin ruwa ya bugo mu.

A gaban maigarin da ke kusa da wurin, wanda ya shaida kufai ne da ba mai noma shi, Inna ta ce gurbin gidan ubanta da rijiyar ta ba ɗanta Maccido. Mu da gonarmu ba ta kai ta cika rumbu ba. Malam ya yashe rijiyar ya dasa albasa, ƙasar kufai kuwa ba ta son taki. Inna ta ƙara wasu shekaru a duniya, ba ta sake cin miyar wata kuka ba.

Yau ni ce tsohuwar da ke zaune ba miji. Gonar nan ke ciyar da ni, ɗanmu Waliyyu ke noma ta. Jiya ya kawo mini ƙullin ganye, na kaɗa miya na kai loma. Na ce masa, “Wannan ta rafin Kimba ce, koma ka hau ta gidanmu.” Ya yi dariya irin ta ubansa, ya ɗauki takalmansa.

Darasi: In mai rauni ya ba ka amana, kada ka ruɗe shi da ƙarya don ba zai gane ba. Yi haƙuri ka nemo masa ta gaskiya, Allah ba ya mantawa, kuma ladan kan kai har ga waɗanda ka bari a baya. Ku tura wa 'yan'uwa su karanta, wanda ya karanta ya sa Malam da Inna Azumi a addu'a.