Ranar da Gimbiya Tasalla Ta Ƙi Ɗanta

A can wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, tun mutane da aljanu suna ɗiban ruwa a rijiya ɗaya, an yi wani sarki a Birnin Ƙurmasau ana kiransa Tanimu, mai faɗin ƙasa da yawan talakawa, wanda ganuwarsa sai mahayi ya wuni bai kewaye ta ba. Duk da wannan daula abu guda ya hana shi sakewa, domin Allah bai ba shi haihuwa ba sai 'ya mace guda, Gimbiya Tasalla, ga tsufa ya kama shi, ga gadon sarauta babu magaji. Da aka aurar da ita ga yariman wata ƙasa ta samu ciki, sai aka dawo da ita gidan ubanta goyon ciki, kamar yadda ake yi wa kowace mai haihuwar fari.

Mahaifiyarta ta daɗe da rasuwa, saboda haka ƙanwar sarki, Gwaggo Yalwa, ita ce a kanta. Ita kuwa Gwaggo, Allah ya ba ta baki amma ba na bayani ba. Wata biyu tana tare da yarinyar nan ba ta taɓa gaya mata yadda haihuwa take zuwa ba. Abin da take nanata mata safe da yamma kawai shi ne kunyar ɗan fari: kada ta yi kuka a kan gwiwa, kada ta dubi jaririn a gaban mutane, kada ta nuna nata ne, in an miƙo mata shi ta kau da kai.

To, ranar wata Laraba da hantsi ciwo ya soki Tasalla a gadon baya. Ta zaci ɗanwaken da ta ci ne. Can faya ta fashe, baiwar Allah ta ɗauka fitsari ne ya kufce mata, kunya ta rufe ta, ta cusa zanin ƙarƙashin gado ta zauna a kai. Da kuyangi suka gane, ɗaki ya cika da tsofaffi. Wannan ta ce ta durƙusa, waccan ta ce a'a ta tashi ta zazzaga, wata ta ɗura mata rubutu, wata ta turnuƙe ɗakin da hayaƙi. Ita dai ta rasa ta wa za ta bi. In ta tambaya ko mutuwa za ta yi, sai a ce ta yi salati. Ta ciji gefen zaninta har ya huje, ba ta yi kuka ba.

Kwana biyu ana haka, a na uku ungozomar fada ta wanke hannunta ta ce abin ya fi ƙarfinta. Hankalin sarki ya tashi. Ya shiga taskarsa ya ɗauko wata 'yar ƙwarya ta azurfa da ya gada daga kakanninsa, ya je gindin tsamiyar da ke bayan fada ya kife ta, ya ƙwanƙwasa sau uku. Kututturen ya tsage, wata doguwar tsohuwa ta fito, gashinta fari fat har ƙasa. Wannan ita ce Shamhuna, ungozomar aljanu, wadda ba ta taɓa karɓar haihuwar bil'adama ba.

Tana shiga ɗakin ta kori hayaƙin da tafin hannu, ta durƙusar da Tasalla, ta dafa mata ƙugu da hannu mai sanyi kamar randa, ta ce ta yi yunƙuri. Tasalla ta ji kamar ana tsaga ta biyu, ɗakin ya juya, ta daina sanin ko tana duniya. Sai ta ji wani abu ya sulluɓo, sai kuka. Namiji! Mabiyiya ta faɗo, aka yanke cibiya, guɗa ta kaure har ƙofar fada.

Shamhuna ta wanke yaron tas, ta naɗe shi a farin zani, ta miƙo wa uwar ta ce, “Ya ke 'yar sarki, karɓi abin da kika sha wuya dominsa. Naki ne ko?”

Wallahi hannuwan Tasalla har sun ɗaga. Sai ta hango idon Gwaggo. Ta mai da hannuwanta, ta juya fuska bango, ta ce a hankali, “Ni ba nawa ba ne. Ku ba mai so.”

Tsofaffi suka yi murmushi, suna cewa yarinya ta san kara. Amma fa aljanu ba su san kara ba, magana a wurinsu yadda aka faɗe ta haka take. Shamhuna ta dubi matan ɗaya bayan ɗaya, kowace tana jiran wata ta fara miƙa hannu don girmamawa, ba wadda ta miƙa. Tausayi ya kama tsohuwar, ta ce a ranta wane irin mutane ne waɗannan, su haifi yaro kamar wannan su yar. Ta rungume shi ta ce ita tana so. Kafin ƙiftawar ido babu ita babu jariri.

Da Tasalla ta juyo ta ga hannun kowa wayam, sai ta yi tsammanin wannan ma al'ada ce da ba a gaya mata ba. Ta jira. Ta ga Gwaggo tana ɗaga tabarma, kuyangi suna leƙa bayan randa, sannan ta gane. Ta tambayi Gwaggo shin ba abin da aka koya mata ta faɗa ba, ina kuskurenta?

Ba wanda ya san inda ta samo ƙarfi. Mace da ta sauka ko ruwan zafi ba a zuba mata ba, ta ɗaura zani ta fita tana dafa bango, ta ratsa tsakar fada ido na ganin ido, sarki da waziri da fadawa suka biyo ta a ruɗe. A gindin tsamiyar ta tarar da ƙwaryar tana nan a kife, ta buge ta da dunƙulen hannu.

Shamhuna ta fito fuska a murtuke. Sarki ya fara jawabi a kan al'adar kaka da kakanni, ta ɗaga masa hannu. Ta ce ita ba ta gane wannan al'ada ba, abin da ta sani an tambayi uwa ta ce ba nata ba ne. Sannan ta juya ga Tasalla ta ce, “Ya ke 'yar Adam, maganar da aka yi gaban shaidu ba ta warwaruwa sai gaban shaidun da suka fi su yawa. Ga ubanki, ga jama'arsa. In naki ne ki nuna shi, ki faɗa su ji. In kika ɗauki wanda ba shi ba, tsamiya ta rufe ke nan har abada.”

Ta buɗe mayafinta, sai ga jarirai uku kwance a farin zani, kamarsu ɗaya sak, biyu 'ya'yan aljanu ne da suka ari siffarsa.

Tasalla ta ƙura musu ido. Ina za ta san fuskarsa, ita da ko sau ɗaya ba ta dube shi ba? Ta waiwayi Gwaggo, Gwaggo ta ce na tsakiya, hancin gidansu ne. Ungozomar fada ta rantse na dama ne. Waziri ya ce a kira masu duba. Surutu ya yi yawa, fuskokin uku suka riƙa haɗewa suna rabewa a idonta, ta ji tsoron da ko a kan gwiwa ba ta ji irinsa ba.

Sai ta ce a ranta, ai idonta bai san shi ba, amma cikinta ya san shi. Ta zauna a ƙasa ta runtse ido. Ta ɗauki na dama ta kwantar a kan cikinta, ya yi lamo. Ta ɗauki na tsakiya, shi ma lamo. Da ta ɗora na hagu sai ya miƙe ƙafa ya tokare ta da diddige a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, sau biyu, ya huta, ya ƙara ɗaya. Wata huɗu cur yana yi mata wannan shurin a daidai wurin nan, ba ta taɓa gaya wa kowa ba.

Ta buɗe ido ta dube shi sosai. Ga ubanta tsaye, wanda ko sunan ciki ba ta taɓa ambata a gabansa ba. Duk da haka ta ɗaga murya da ƙarfi.

“Wannan ɗana ne. Ni na haife shi, kwana uku ina naƙudarsa. Ina sonsa, kuma ba na ba kowa.”

Gwaggo ta ja gyale ta rufe fuska don kunya. Fadawa suka sunkuyar da kai. Shamhuna kuwa ta yi dariya ta ce da haka aka faɗa tun farko da ba a wahalar da tsohuwa ba, ta kwashe nata biyun ta shige, tsamiya ta haɗe. Sarki ya durƙusa da rawaninsa a cikin ƙasa, hawaye na bin gemunsa, ya yi wa magajinsa huɗuba a kunne yaron yana hannun uwarsa, domin ta ƙi sakinsa.

Aka koma ɗaki aka dafa ruwan wanka, aka dama kunun kanwa, aka tashi manzo ya kai wa mijinta albishir. Da la'asar mata suka fara shigowa barka, Gwaggo ta matso ta raɗa mata cewa abin da ya faru ya faru, amma yanzu ta miƙo yaron kada baƙi su same shi a cinyarta. Tasalla ba ta ko ɗago kai ba.

Ta ce, “Bari, Gwaggo. Ban gama ganinsa ba.”