Sharaɗin da ke Jikin Takardar Tsire

Manajan wani banki ya kai Ɗanjuma mai tsire ƙara kan kuɗin ruwan katin bashi.

Alƙali ya ce, "Sharaɗin na cikin rubutunsu mitsi-mitsi. Tunda ka karɓi kati, ka yarda. Ko ka biya yau, ko gidan yari."

Ɗanjuma ya ce, "Allah ya gafarta Malam, a tambayi manaja, jiya ya ci tsirena?"

Manaja ya ce, "Na ci, na biya."

"To, a takardar da na naɗe masa na rubuta cewa duk wanda ya ci ya yafe mini ruwan."

Manaja ya yi tsaki. "Wa ke karanta takardar tsire?"

Ɗanjuma ya ce, "Taka fa, wa ke karantawa? Tawa ko banza da nama a ciki."