Kwanon Kurege Mai Yashi a Ƙasa

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Inna.

To ku matso, amma ke Talatu janye zanenki daga wutar nan.

Kurege dai tun yana yaro yake ganin kwanuka suna tsallake katanga, kuma ba a mayar da kwano hakanan, sai an sa wani abu a ciki. Ya ce, kai, manya akwai kirki!

Ya girma, aka shiga bazara, rumbu wayam. Ba abin da ya rage masa sai ɗan dambun naman Sallah, bai cika tafin hannu ba. Sai ya cika kwano da yashi, ya barbaɗa dambun a kai, ya rufe da faifai, ya kai wa Bushiya.

"Maƙwabciya, ga ɗan abin taɓawa, ba yawa."

"Kai, Kurege, har da wahala? Allah ya bar zumunci."

Ya koma gida, ya zauna jiran abin da za a mayar.

Bushiya ta tsakura, ta ji yashi. Ta lallaɓe saman, ta rufe, ta kai wa Kunkuru.

"Baba, ga ɗan abin taɓawa, ba yawa."

Kunkuru ya tsakura, ya ji yashi. Ya lallaɓe saman, ya rufe, ya ja jiki gidan Kura.

Ita kuwa Kura ba ta san tsakura ba. Ta ɗaga kwano ta juye a baki. Ƙurus! Ƙurus!

Ta shaƙo Kunkuru. Ya ce daga Bushiya yake. Ta taso ƙeyar Bushiya. Ta ce daga Kurege yake. Sai ga su duka a ƙofar Kurege, Kura tana tofar da yashi.

"Kai ɗan nema, yau kai ne miyata!"

Kurege ya dake. "Ranki ya daɗe, tambaya ɗaya. Bushiya, kin ga yashi, kika kai wa dattijo?"

Bushiya ta ce, "Ni? Dambu zalla na gani!"

"Baba Kunkuru, ka ga yashi, ka kai wa Kura da saninka?"

Kunkuru ya dubi haƙoran Kura. "Zalla, har ƙasan kwano!"

Kurege ya ce, "To kin ji. Dambu zalla ya shiga gidanki. Ashe so kike ki cinye, ki mayar mana da kwano hakanan? Bari matan gari su ji."

Kura ta ji za a sa ta a waƙar daka. Ta wafce kwanon ta tafi. Can sai ga ta ta dawo da shi a rufe, nauyi kamar dutse.

Kurege ya rungume, ya lallaɓa bayan rumbu don kar matarsa ta gani. Ya buɗe. Yashi! Ya tona har ƙasa. Yashi!

Ya ɗora hannu a ka, ya fashe da kuka.

"Wayyo, duniya ta lalace! A da ko cutarka za a yi, ai a ɗan barbaɗa maka dambu a kai!"

Ƙurunƙus, kan kurege da yashi a kwano. Ku kuma in kun girma aka kawo muku kwano, ku zura cokali har ƙasa kafin ku ce Allah ya bar zumunci.