Baƙon Kurmi da Bai Zo Gaisuwa Ba

Wai a ƙauyen Tsaunin Gwauro, dagaci ya hana mata tsintar kaɗanya a kurmi, ya ce wani mutumin daji mai gashi har ƙasa ya tare a can. Ba wanda ya taɓa ganinsa, amma kullum kaɗanya tana isa gidan dagaci.

Tabawa mai man kaɗe, da sana'arta ta tsaya, ta ce ƙarya ne. Aka kai ta gabansa.

Dagaci ya ce, "Kawo shaidar babu shi, ko ki bar garin nan."

Ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, baƙo in ya sauka a ƙasarka, me yake fara yi?"

"Gaisuwa yake zuwa mana."

"Mai gashin ya zo?"

Dagaci ya ce, "Bai zo ba."

Ta ce, "To, ko dai babu shi, ko kurmin ba ƙasarka ba ne. Wanne za mu faɗa wa hakimi?"

Dagaci ya gyara rawani ya ce, "Ai tun jiya ya yi ƙaura."

Tabawa ta ce, "Allah ya kiyaye hanya," ta ɗauki kwandonta ta nufi kurmi.