Manomin Citta da 'Yar Jar Wuta

A wani gari can gindin duwatsu akwai wani mutum, manomin citta, wanda kowa ke kira Baban Keziya. Mutumin kirki ne, ba ya fashin sujada, kuma hannunsa a sake yake. Aibinsa ɗaya ne: in ya riga ya faɗi magana a gaban jama'a, ko sama da ƙasa za su haɗe ba ya janye ta. Matarsa Dinatu ta san wannan hali tun suna amarci, ta kuma koyi zama da shi yadda ake zama da ɗaki mai yoyo a kusurwa ɗaya, ka san inda za ka tara kwano.

Wata shekara citta ta yi kyau, ta kuma yi daraja, sai ya sayi mota. Ba sabuwa fil ba ce, amma ya ɗauki son duniya ya ɗora mata. Kafin ya wanke fuskarsa da safe ya riga ya goge gilashinta. Dinatu takan ce da mota tana cin tuwo, da ita za a fara zuba wa a gidan nan.

'Yarsu Keziya tana aure a wani gari mai nisa. Ta daɗe a ɗakin miji ba haihuwa, uwarta kuwa ta yi ta durƙuso a gaban Ubangiji har gwiwoyinta suka yi kanta. Ana nan sai Ubangiji ya ji, Keziya ta haifi ɗa namiji. Amma a daidai lokacin Dinatu tana kwance da ciwon ƙafa, ba ta iya tafiya ba, sai surukar Keziya ce ta yi mata wankan jego. Wannan abu ya tsaya wa Dinatu a rai ƙwarai. Da ta fara samun sauƙi, Keziya ta aiko mata cewa ranar da za a miƙa yaron ga Ubangiji, ba wanda zai ɗauke shi daga ƙofar coci zuwa hannun fasto sai kakar da ta roƙo shi. Tun daga ranar Dinatu ta sayi sabon zanen da za ta naɗe jikanta a ciki, ta daka yaji, ta tanadi daddawa da gero, tana aiki tana 'yan waƙoƙinta.

Baban Keziya ya ga murnar matarsa, shi ma ya so ya yi mata abin da ba za ta manta ba. Bayan an tashi sujada ya faɗa a gaban dattawa cewa Maman Keziya ba za ta matsu a motar haya da wannan ƙafa ba, shi da kansa zai kai ta. Ya ƙara da cewa ba wani makaniken gindin bishiya da zai taɓa masa mota a wannan karo, birni zai kai ta, kamfanin da ke sayar da irinta, a yi mata sabis na gaske.

Haka kuwa ya yi. A kamfanin aka karɓe shi da ranka ya daɗe, aka zaunar da shi a ɗaki mai sanyi, aka kawo masa lemo. Ya so ya bi motarsa ya tsaya a kanta yadda ya saba, aka ce masa a nan mai mota ba ya shiga wurin aiki. Can ciki wani ma'aikaci ya kwance notin da ke toshe ƙasan inji, ya juye tsohon baƙin mai, ya mayar da notin da hannu. Ya miƙa hannu zai ɗauki sufana ya ɗaure ke nan, sai shugabansa ya kira shi ya duba motar wani babban mutum. Wani ya zo ya ga noti a wurinsa, ya zuba sabon mai, ya sauke motar. Kowannensu ya ɗauka ɗan'uwansa ya ɗaure. Aka wanke mota tas, aka fesa mata turare, aka shimfiɗa leda a kujerar direba.

Baban Keziya ya dawo gida bakinsa har kunne. Ledar nan ya hana a cire, don duk wanda ya leƙa ya san inda motar ta je.

Kashegari da safe ya fito da tsummansa, sai ya ga wani baƙin ɗigo a ƙasa, daidai ƙarƙashin injin. Ya waiga bai ga kowa ba, sai ya sa ƙafa ya tura yashi a kai. Amma mai shara ba a ɓoye mata abin da ke ƙasa. Da Dinatu ta zo da tsintsiya ta tarar da yashin ya jiƙe, ta ce masa motarsa tana zubar da wani abu. Ya ce ragowar ruwan wankin kamfani ne. Ta ce ita dai ba ta taɓa ganin ruwa baƙi mai maiƙo ba. Ya sha mur, ta ci gaba da shararta.

Ba a daɗe ba, yana dawowa daga gona, sai wata 'yar jar wuta mai siffar buta ta kama a gaban sitiyari. Wutar mai ke nan, wadda ke nuna inji yana jin ƙishi. Da ya iso gida Dinatu ma ta leƙa ta gan ta. Ya buga waya kamfanin. Wani mai daɗin murya ya amsa ya ce, "Ranka ya daɗe, motar da ta fito daga hannunmu ba ta da matsala. Wataƙila waya ce ta taɓa waya. Ka kawo ta wata mai zuwa, yanzu ba mu da wuri."

Wannan amsa ta yi wa Baban Keziya daɗi, domin ita yake so ya ji. Ya san inda sandar gwada mai take, amma bai zaro ta ba. Yana tsoron abin da za ta nuna masa, da abin da dattawa za su ce in suka ji sabis ɗin birni ya tashi a banza. Sai ya wuce wurin mai gyaran wayoyin mota da ke bakin tasha, ya ce masa ga wata wuta tana yi masa ƙarya, ta hana shi sakat, a kashe masa ita. Shi kuwa mai gyara bai tambayi komai ba, tun da ƙarar wuta aka kawo masa, ba ta inji ba. Ya kwance gaban motar, ya zare ɗan ƙwan fitilar, ya damƙa masa a hannu, kamar yadda masu gyara ke mayar wa mai mota abin da suka cire don ya ga an yi aiki. Baban Keziya ya jefa shi a aljihun mota, ya koma gida da kwanciyar rai.

Dinatu ta so su tashi tun ranar Asabar su kwana a can. Ya ce wannan ai lissafin masu motar haya ne, motar da ta sha sabis kafin a buga ƙararrawar farko ta kai su. Ranar Lahadi da sassafe suka kama hanya. Yaji da gero suna baya, amma zanen jikan yana kan cinyarta, ta ƙi yarda a sa shi cikin kaya. Suna tafe suna rera waƙar sujada, ita tana ja shi yana amshi da muryarsa da ba ta taɓa zama a kan hanya ba. Can ta leƙa gaban sitiyari ta tambaye shi ina 'yar butar da ta gani rannan. Ya ce ta warke.

Sun yi nisa, sun bar gari na ƙarshe sun shiga daji, sai injin ya fara wata ƙara kamar ana dukan tukunya da muciya. Wari ya taso. Motar ta yi jijjiga ta tsaya cik. Ya murɗa makulli, ya sake murɗawa, ko tari ba ta yi ba. Da ya fita ya duba baya, sai ga baƙin layi a kan kwalta har iyakar ganinsa. Notin ya gama kwancewa ya faɗi, mai ya tsiyaye ƙarƙaf, inji ya buga.

Suka zauna a inuwar wata ɗorawa. Ranar Lahadi ce, hanya ba kowa. Baban Keziya ya yi ta sababi a kan kamfanin, da lemonsu da ledarsu da daɗin bakinsu. Dinatu ta bar shi har ya gaji, ta ce gaskiyarsa, sun cuce shi, ita ma ta ji masa zafi. Sa'an nan ta ce, "Amma Baban Keziya, me ya sa 'yar butar nan ba ta faɗa mana ba?"

Sai ya tashi ya buɗe aljihun mota, ya ɗauko ɗan ƙwan, ya sa mata a tafin hannu, ya faɗa mata duk abin da ya yi, har da yashin da ya tura da ƙafa. Ta juya abin tana kallo, bai fi ƙwayar gyaɗa ba.

Ta ce, "Duk cikin waɗanda suka taɓa motar nan, wannan ɗan mitsitsin ne kaɗai ya gaya maka gaskiya, shi kuma ka kora. Na gode wa Allah da ba a haɗa ni da waya ba, da ni ma ina cikin aljihun mota."

Ya so ya yi dariya, amma ya ga idonta ya kawo ruwa, tana shafa zanen da ke cinyarta. Ta ƙulle ƙwan a bakin zaninta.

Sai da rana ta take sa'an nan wata akori-kura mai buhunan masara ta tsaya ta ɗauke su. Suna isa ana fitowa daga coci. Keziya ta rugo ta rungume uwarta tana cewa, "Mama, na yi ta kallon ƙofa. Fasto har ya sa aka maimaita waƙa saboda ku." Surukarta ce ta kai yaron gaba. Dinatu ta karɓi jikanta a nan bakin ƙofa, ta naɗe shi cikin sabon zanen, hawaye na zuba. Da surukai suka taru suna tambayar abin da ya tsare su, ta ce mota ce ta ba su matsala a hanya, ta tsaya a nan don ta rufa wa mijinta asiri.

Baban Keziya yana tsaye a gefe, ƙurar masara a babbar rigarsa. Mutumin da bai taɓa janye magana a gaban jama'a ba ya cire hularsa ya ce, "Ba mota ba ce. Motar ta yi mini magana, matata ma ta yi mini, ni ne na ƙi ji. Keziya, ki yafe mini. Maman Keziya, ki yafe mini." Dinatu ta dube shi, ta matso ta sa masa yaron a hannu, ta ce ya riƙe da kyau, wannan ba a kai shi sabis.

Kamfanin ya yi ta kwana-kwana kafin ya yarda da kurensa ya gyara injin. Ranar da zai tafi karɓo motar, Dinatu ta kwance bakin zaninta ta miƙa masa ɗan ƙwan, ta ce kafin a wanke, kafin a fesa turare, a fara mayar da wannan. Amma ranar miƙa jikanta ba kamfanin da ya iya mayar mata da ita.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar wannan misali. Motar nan ita ce ranka. Kamfanin da ya bar noti a kwance, su ne mutanen da muka amince da su suka yi mana kure, domin ba duk masifar da ta same mu ba ce mu muka jawo. Baban Keziya bai kwance noti ba, kuma Ubangiji ba zai tambaye shi laifin wani ba. Amma Allah cikin ƙaunarsa bai bar mu mu yi tafiya a makance ba. Ya sa mana 'yar jar wuta a ciki, wato lamiri, inda Ruhunsa yake yi mana magana. Ya kuma ba mu mutane irin Dinatu, masu ganin ɗigon da muka rufe da yashi.

Wutar nan ba ta da daɗin kallo. Takan kama lokacin da ka tsawata wa ɗanka fiye da laifinsa, ko ka daina gaisawa da ɗan'uwanka, ko addu'a ta fara yi maka nauyi. Ba maƙiyiyarka ba ce, ba kuma ita ce ciwon ba. Sai dai da yawa daga cikinmu mun san inda ake kashe ta. Mukan nemi mai daɗin murya ya ce mana ba komai, mu je wurin abokin da ba ya tambaya, mu dawo muna cewa mun warke. Muna zuwa sujada a wanke, da turare, mai kuwa yana ta ɗiga.

Ku lura kuma, ba Baban Keziya kaɗai ya kwana da asarar ba. Wadda ya fi ƙauna a duniya, wadda saboda ita ya yi dukan ɗawainiyar, ita ce ta rasa ranarta. Ba ka tafiya kai kaɗai a cikin motar nan.

Saboda haka in akwai wata wuta da ka zare ka jefa a aljihu, kada ka jira sai ka tsaya a daji. Ka ɗauko ta yau, ka kawo wa Ubangiji, ka ce ya mayar maka da ita. In kuma akwai wanda ya gaya maka gaskiya ka sha masa mur, ka je ka same shi tun kafin ka ci abincin rana.