Kitson Da Ake Kwancewa A Bakin Gada

Akwai wata yarinya 'yar ƙabilar Ainu mai suna Mitsue, a ƙauyenmu na bakin kogin Saru, a tsibirin Hokkaido na ƙasar Japan. Shekarar ta ɓace mini, amma ina tuna lokacin hawowar kifi ne. Uwarta ta rasu tana ƙarama, kakarta Tome ce ta riƙe ta.

Matanmu suna da wata ɗamara da suke ɗaurawa a ƙarƙashin tufafi. Kowane gida da irin saƙarsa, uwa ke koya wa 'ya a ɓoye. An ce da ita iyaye mata ke gane tasu a lahira.

A makaranta kuwa 'ya'yan Japanawa sun sa Mitsue a gaba. "Ga mai ƙarnin kifi nan. Wai kakarki gawayi take ci?" Baƙin zanen gargajiya da aka tsaga a leɓen tsohuwar suke nufi.

Da ta kai shekara sha huɗu, Tome ta ɗauko zaren saƙar ɗamara. "Zo ki zauna, ja'ira, yatsuna sun fara gardama."

"Kaka, ki bar ni. Ni Bajapaniya ce."

"To, Bajapaniya, kawo kan naki. Ko su ba sa kitso?"

Tome ba ta ƙara ɗauko zaren ba. Sai dai kullum da safe takan yi mata wani kitso mai wuyar sha'ani. Mitsue kuma in ta kai gadar da ke hanyar makaranta sai ta tsaya ta kwance shi sili-sili, don kada a yi mata dariya. Da yamma Tome ta ga gashin a sake, da safe ta sake kitsa shi.

Daga baya Mitsue ta tafi aiki Sapporo, ta daina faɗin garinsu. Tana can tsohuwar ta cika.

Da Mitsue ta dawo, wajen wankan gawa ta ga ɗamarar kakarta, karo na farko. Ta bi saƙar da yatsa, sai hannunta ya tsaya. Kitson nan ne na kowace safiya. Yatsun da suka yi shekaru suna kwance shi sun san hanyar komawa.

Ta saƙa tata. Na gan ta da furfura, tana koya wa jikarta. Ta ce mini, "Malam, saƙar ta dawo. Kakar da zan nuna wa ce babu."

Darasi: Gori yakan sa yaro ya ji kunyar gidansu. Kada ku yi masa, kada kuma ku yi fushi da wanda aka yi wa. Haƙurin babba ne ke ajiye masa hanyar dawowa. Ku tura wa iyaye da malamai.